Wa Za A Kama? Neman Diyya Kan Ɓarnar Kayan Gyaran Mota Da Aka Saya Ta Intanet A Tsakanin Hausawan Legas

Tsakure

Maƙalar ta duba halin da direba ko mai mota ke shiga idan ya sayi kayan gyara ta waya, aka ɗaura, kayan suka ba da shi a kan titi har aka yi asarar dukiya ko aka ji rauni. Fagen nazarin shi ne layin da ya tashi daga Ilupeju da Mushin zuwa Agege a Legas, saboda kusancinsa da kasuwar Ladipo da kuma yawan Hausawan da abincinsu ke kan taya. Ra'ayin maƙalar shi ne, tun daga 2019 dokar Nijeriya ta karkata ga mai saye, amma ƙarar takan mutu tun kafin ta isa gaban alƙali, saboda cinikin waya ya kawar da mutumin da aka sani wanda za a riƙe, kuma shaidar ɓarnar takan salwanta a gareji. An kawo abin da fiƙihun Malikiyya ya tanada, da yadda wasu ƙasashe suka ɗora alhaki a kan dandalin ciniki.

Gabatarwa



Ilupeju unguwar masana'antu ce da gidajen ma'aikata, a matse tsakanin titin Ikorodu ta gabas da titin Agege da layin dogo ta yamma, ga Oshodi ta arewa. Tafiya kaɗan daga nan ake shiga Ladipo a Mushin, kasuwar da duk mai mota a Legas ya san sunanta. Hausawa sun daɗe a wannan yanki: ga Idi-Araba, ga Agege inda cinikin goro da jirgin ƙasa suka zaunar da su tun farkon ƙarni na 20, ga mayankar Oko-Oba, ga Mile 12 mai karɓar tumatir da albasar Arewa. Da yawansu mota ko keke ko babur ne gonarsu.

Abin mamaki, mutumin da Ladipo ke bayan ɗakinsa shi ne yau yake sayen takalmin birki ta waya. Yana da dalilinsa. Yini guda a kasuwa balas ɗin yini guda ne ya tafi. 'Yan kamasho suna tare mutum tun a bakin kasuwa su ɗora nasu a kan farashi, wanda kuma bai iya harshen wurin ba ya fi shan tsada. Gwamnatin jiha ma ta taɓa rufe kasuwar a 2013 da 2023 kan batun tsafta. Sannan tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki Naira a watan Yuni, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, mutane suka koma neman inda za a rage musu ko yaya.

Sai dai abin da ake kira sayayya ta intanet ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancin yana da nauyi a shari'a. Jumia da Konga, waɗanda suka fara aiki a 2012, kuɗi na bi ta hannunsu kuma suna da ƙa'idar mayar da kaya. Jiji, wanda ya fara a 2014 ya kuma karɓe OLX a 2019, allon talla ne: yana haɗa mai saye da mai sayarwa, su ƙarasa cinikinsu a waje. Akwai masu aiko da kaya daga ƙetare kamar AliExpress da Temu. Akwai kuma cinikin da na fi ganin direbobinmu na yi, wato hoton kaya a WhatsApp ko Facebook, saƙon murya, lambar asusu, sai ɗan aike a kan babur.

Mu kafa misalin da za mu riƙa komawa kansa. Direba ne mai bas yana jigilar kaya tsakanin Mile 12 da Agege. Makanikensa a Ilupeju ya ce bol-joyin ɗin gaba ya mutu. Ya ga hoton wani a waya, cikin kwali mai tambarin kamfani, mai sayarwa ya rantse na asali ne. Ya ba ɗan POS kuɗi ya tura, aka kawo kaya cikin baƙar leda, aka ɗaura. Bayan mako biyu, yana gangarowa daga gadar Oshodi, tayar gaba ta kwanta, bas ta goge motar gefe, yaron mota ya karye a hannu. Asara uku ke nan a lokaci guda: tasa, ta mai ɗaya motar, da ta yaron. Ya kira makanike, amsa ita ce, “Alhaji, ni ɗaurawa kawai na yi, kai ka kawo kayanka.” Ya kira mai sayarwa, ya tambaye shi wa ya ɗaura masa, daga nan lambar ta daina shiga.

Abin da cinikin waya ya kawar

Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro ya tsaya a kan mai gida. Falke ya sauka wurinsa, dillalansa su sayar da shanu bashi ga mahautan gari, idan mahauci ya gudu mai gida ne zai biya. Baƙo daga Arewa bai san mahaucin ba, kuma ba ya buƙatar saninsa, tunda akwai mutum mai gida da suna da iyali a unguwa wanda ya tsaya a tsakani. La'adar da ake biya kuɗin wannan lamuni ce.

Kasuwar kayan gyara ma tana da nata irin wannan tsarin. Mai shago yakan sa wa kayan tokumbo alamarsa da fenti ko alƙalami kafin ya miƙa, ya ba da 'yan kwanakin gwaji, in bai yi ba a dawo da shi. Makanike ya san shagon, shagon yana ƙarƙashin ƙungiyar layinsa, ƙungiyar kuma tana iya kiran ɗanta ta tsawatar. Ba adalci ake samu kullum ba, amma akwai inda za a je a tsaya.

Wannan ne cinikin waya ya ɗauke. An rage farashi ta hanyar cire mai tsayawa a tsakani, sai lamunin ya tafi tare da shi. Direbanmu bai san sunan mai sayarwa na gaskiya ba, bai san shagonsa ba, kuma takardar da ɗan POS ya ba shi ba ta ɗauke da sunansa a matsayin wanda ya biya.

Abin da doka ta tanada

Tarihin wannan fage ya fara ne da tayar mota. A 1916 wata kotun New York a Amurka ta saurari ƙarar MacPherson da kamfanin Buick. Mutumin ya sayi mota daga dila, ƙafar motar ta katako ta farfashe yana tafiya, ya ji rauni. Buick ya ce ba shi ya sayar masa ba, kuma ba shi ya ƙera ƙafar ba, wani kamfani ya sayo wa. Alƙali Cardozo ya ce duk da haka alhakin na kansa, domin ya san mutane za su hau motar ba tare da sun sake bincikar ta ba. A 1932 kotun ƙolin Birtaniya ta bi irin wannan hanya a ƙarar Donoghue da Stevenson, kan dodon koɗi da aka ce an gani a kwalbar lemo. Wannan hukunci ne kotunan Nijeriya suka gada.

Gadon yana da ƙaya, domin mai ƙara ne zai tabbatar da sakaci. A ƙarar Boardman da Guinness ta 1980 kamfani ya kawo shaida kan ingancin na'urorinsa, mai ƙara ya tashi a tutar babu. Sai a 2008, a ƙarar Okwejiminor da Gbakeji, kan kyankyaso a kwalbar Fanta, Kotun Ƙoli ta nuna cewa bayanin kyawun na'ura kaɗai ba ya wanke kamfani, ta tabbatar wa mai ƙara diyyar Naira 950,000. Abin ya faru ne a farkon shekarun 1990. Duk direban da ya ji tsawon wannan jira zai ce a bar maganar.

Ta ɓangaren ciniki kuwa, dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, wadda Legas ta yi tata a kan tsarinta, ta ɗora sharaɗi cewa kaya su dace da siffar da aka ba su, su kuma yi aikin da aka saye su dominsa. Amma wannan kariya tsakanin mai saye da mai sayarwa ta tsaya. Yaron mota da ya karye ba ya ciki.

Canjin ya zo da Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin majalisar kare masu saye ta 1992, ta kuma kafa kotun musamman. Sassa kaɗan daga cikinta sun shafi direbanmu kai tsaye. Sashe na 131 ya ba shi haƙƙin samun kaya masu inganci, marasa aibi, masu yin aikin da aka san su da shi. Sashe na 132 ya ba shi wata uku ya mayar da kayan da suka gaza, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Wannan kuɗin bol-joyin ne kawai, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin asararsa.

Sashe na 136 ne ya taɓo ainihin ɓarnar. Ya ɗora alhakin duk ɓarnar da kaya masu aibi suka jawo, gaba ɗaya ko wani sashenta, a kan wanda ya samar da su, ya haɗa da rauni a jiki da lalacewar dukiya, kuma ko da wanda abin ya shafa ba shi ya ƙulla cinikin ba. Da wannan yaron mota ya samu ƙofa. Sashen bai ambaci sakaci ba, shi ya sa masana da dama ke karanta shi a matsayin alhaki kai tsaye. Sashe na 137 ya hana a kauce wa alhakin da rubutu irin na “in an saya ba a mayarwa” da muke gani a ƙasan rasit. Sashe na 145 kuma ya juyar da nauyin hujja: idan aka yi zargin kaya na da aibi, mai samar da su ne zai nuna lafiyarsu lau.

A nan akwai wani lungu da ya kamata direbobi su sani. Ma'anar mai saye a dokar ta fitar da wanda ya sayi kaya don ya sake sayarwa. Direban da ya saya don motarsa yana ciki, ko da motar haya ce. Makaniken da ya sayo ya ɗora riba ya sayar wa direba kuwa, ya tashi daga mai saye ya koma mai samar da kaya, alhakin sashe na 136 na iya hawa kansa. Wannan ya bayyana abin da ya sa gogaggen makanike ke cewa ka je ka sayo da kanka. Wayo ne da ya koya daga rigima, ko da bai taɓa jin sunan dokar ba.

Kayan tokumbo suna da nasu hukuncin. Bahaushe ya ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma kotu ma ba za ta auna tsohon kaya da ma'aunin sabo ba. Amma wanda ya sayi tsohon abu ya yarda ne da cewa zai riga sabo mutuwa, bai yarda da a wanke tsagaggen ƙarfe a shafa masa fenti a sa a kwali ba. Jabu kuwa, wato sabon kaya mai tambarin ƙarya, ba shi da wannan uzuri ko kaɗan. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, tana da tsarin SONCAP tun 2005 na tantance kayan da ake shigowa da su, sai dai ƙunshi ɗaya da aka aiko wa mutum ɗaya daga ƙetare yana da wuyar bi fiye da kwantena a tashar Apapa.

Inda ƙara ke mutuwa

Juyar da nauyin hujja bai sauke wa mai ƙara komai da komai ba. Sai ya nuna cewa wannan mutumin ne ya sayar masa, wannan kayan ne aka ɗaura, kuma karyewarsa ce ta jawo hatsarin, ba hatsarin ne ya karya shi ba. Lauyan mai sayarwa zai ce an yi wa bas lodin da ya fi ƙarfinta, ko makanike bai ɗaure noti daidai ba, ko direba ya faɗa rami da gudu. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya zama gaskiya a titin Legas, kuma idan aka samu direba da nasa sakacin, kotu za ta rage diyya gwargwadon rabonsa.

Amsar tana jikin ƙarfen da ya karye. Fuskar karaya tana nuna tarihinta. Ƙarfen da aka zuba ba daidai ba yakan nuna ƙananan ramuka kamar kumfa. Wanda ya daɗe yana tsagewa a hankali yakan nuna layuka a jere da wani gefe da ya yi duhu, wanda duka guda ya karya kuma yakan fito fes da sheƙi. Irin wannan karatu ake koyarwa a sashen nazarin ƙarafa na Jami'ar Legas a Akoka, ba nisa da Ilupeju. Sharaɗin shi ne kada a wanke gutsattsarin da fetur, kada a goga su, kada a yi ta haɗa bakinsu ana gwadawa.

To me ke faruwa a gareji? An janyo bas, an kwance ƙafa, yaron makanike ya wurga karyayyen ƙarfen a kan tulin da ke gindin bango, cikin baƙin mai da ƙasa. Kwalin da ledar an riga an zubar tun ranar ɗaurawa. Kafin mako ya zagayo ɗan gwangwan ya iso da kurarsa da sikelinsa, an auna tulin an ba shi. Sau da yawa ɗan uwanmu ne daga Arewa, ya sayi shaidar ɗan garinsu a kan kilo bai sani ba. A ganina a wannan ranar ake faɗuwa shari'ar, ba a kotu ba.

Shaidar waya ma haka take. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da ya fito daga na'ura, amma da sharuɗɗa, ciki har da takardar tabbatar da cewa na'urar tana aiki daidai, kuma Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da ba su cika sharaɗin ba a ƙarar Kubor da Dickson ta 2012. Saƙon muryar da mai sayarwa ya ce kayan na asali ne shi ne siffar da ya sayar a kanta. Idan ya goge shi, ko direba ya sauya waya, ko wayar aro ce, alkawarin ya tafi. Biyan kuɗi daga asusun mutum na kansa ya fi biya ta hannun ɗan POS nesa ba kusa ba, domin yana haɗa sunan mai saye da na mai karɓa a takardar banki guda. Tun da aka fara BVN a 2014 kowane asusu yana da mutum a bayansa, amma banki ba zai fito da bayanansa ba sai da umarnin hukuma ko kotu, kuma wani lokaci sunan na ƙanen mai shago ne ko na yaronsa.

Sai lissafin asara. Kotunan Nijeriya suna da tsauri kan asarar da ake iya ƙirgawa: a zayyana ta dalla-dalla, a kawo hujjarta. Kuɗin janwe, kuɗin gyara, takardar asibiti, duk sai da rasit. Kwanakin da bas ta yi a ajiye ma ana iya neman su, amma direban da ke kai balas hannu da hannu ba rubutu zai sha wuyar nuna abin da yake samu a yini. Wanda ya kai yaronsa wurin mai ɗori maimakon asibiti ya rage kashe kuɗi, ya kuma rasa takardar likita.

Ƙofofin da ake bugawa

Sashe na 146 ya ba mai saye zaɓi: ya koma wa mai sayarwa, ya kai kuka ga hukumar da ke kula da fannin, ya shigar da ƙorafi a FCCPC, ko ya wuce kotu. A Legas akwai kuma hukumar jiha ta LASCOPA, da Cibiyar Sasanta 'Yan Ƙasa ta ma'aikatar shari'a wadda aka buɗe a 1999 kuma kyauta take aiki, da zauren sasanci da ke haɗe da Babbar Kotu tun 2002. Duk waɗannan suna buƙatar adireshin da za a aika wa takardar gayyata.

Ana yawan tura mutane kotun ƙananan ƙararraki da aka ƙaddamar a 2018 don duba abin da bai wuce Naira miliyan 5 ba cikin kwana 60, ba dole sai da lauya ba. Tana da kyau ga kuɗin da adadinsa ya tabbata, kamar mayar da kuɗin kaya. Diyyar karaya da raɗaɗi kuwa alƙali ne ke ƙiyasta ta, don haka hanyarta kotun majistare ce ta yau da kullum ko Babbar Kotu. Wa'adin shigar da ƙara a Legas shekara 6 ne kan ciniki, shekara 3 kan raunin jiki.

Ofishin 'yan sanda ne wurin da mutanenmu suka fi ruga wa. Rahoton hatsari yana da amfani, kuma wanda ya karɓi kuɗi da ƙarya ya aikata laifin zamba. Amma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai, wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa kan irin haka kuma yana iya wayar gari shi ake nema da diyya. Mai ɗaya motar da aka goge, inshora ce maganinsa. Tun daga Janairun 2023 kuɗin inshorar ɓarnar wani ga motar gida ya koma Naira 15,000 a shekara, tana biyan ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3, motocin haya kuma suna da nasu farashin. Matsalar ita ce takardar jabu da ake yi a bakin ofishin lasin don a wuce shingen hanya.

Ƙaddara da haƙƙi

Ko da an samu mai sayarwa, akwai abin da ke riƙe ƙafar Bahaushe. Za ka ji an ce tsautsayi ne, tunda an tsira da rai a gode wa Allah, ko a ce na bar shi da Allah. Yafiya haƙƙin mai ita ce, ba mai hana shi. Amma ya kamata a rarrabe tsakanin wanda ya yafe yana da ikon karɓa da wanda ya haƙura don bai san yana da haƙƙi ba.

Fiƙihun da muka tashi a kansa bai bar wannan fage a buɗe ba. Risalar Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, waɗanda ake karantawa a zaurukan Agege kamar yadda ake yi a Kano, sun yi bayanin zaɓin aibi: wanda ya sayi abu ya gano aibin da aka ɓoye masa yana iya mayarwa, idan kuma kayan sun riga sun salwanta a biya shi bambancin ƙima. Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffa, da sharaɗin ya zo daidai da siffar, wanda shi ne ainihin cinikin waya. Sun ƙuntata sharaɗin barranta daga aibi ƙwarai, kuma ba ya kare wanda ya san aibin ya yi shiru. Sun kuma ɗora wa masu sana'a lamunin kayan mutane da ke hannunsu, hukuncin da ya shafi makanike. Labarin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, kowane ɗalibi ya san shi. Jihar Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci, kuma mai sayarwar sau da yawa ba Musulmi ba ne, don haka amfanin wannan ilimi a nan shi ne ya cire wa mai ƙara nauyin jin cewa neman diyya jayayya ce da ƙaddara. Akwai kuma haƙƙin direba na gaba, domin daga kwalin da aka ciro wannan bol-joyin akwai sauran 'yan uwansa suna jiran mai saye.

Alhakin dandali

Idan mai sayarwa ya ɓace, ko yana wata ƙasa, tambayar da ta rage ita ce ko za a iya kama dandalin da ya haɗa cinikin. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jihar Kalifoniya ta duba ƙarar wata mata da batirin kwamfutar da ta saya ta Amazon ya fashe ya ƙona ta, mai kayan kuma yana ƙetare. Amazon ya ce shi kasuwa ce kawai. Kotu ta duba ta ga shi ya ajiye kayan a rumbunsa, shi ya karɓi kuɗi, shi ya aika a kwalinsa, ta ce ya shiga jerin masu samar da kayan. Tarayyar Turai ma ta sabunta dokarta ta 1985 a 2024, inda ta tanadi cewa a samu wani a cikin Tarayyar da za a riƙe, har da dandali a wasu halaye, idan ba a gano mai ƙerawa ko mai shigowa da kayan ba.

Ma'aunin Kalifoniya yana iya aiki da sashe na 136 ba tare da an sake doka ba. Dandalin da ke karɓar kuɗi, ya ajiye kaya, ya kai su da ɗan aikensa, da wuya ya ce ba shi ya samar da su ba. Allon talla da shafukan sada zumunta kuwa suna da hujja mai ƙarfi cewa ba su taɓa kayan ba, kuma a can ne cinikin direbobinmu ya fi yawa. FCCPC ta nuna hannunta na kaiwa ga manyan kamfanoni lokacin da ta ci Meta tarar Dala miliyan 220 a Yulin 2024, amma kan bayanan masu amfani ne, kuma tara ba ta shiga aljihun wanda ya karye.

Abin da nake ganin ya dace a nema daga hukumar ƙanƙane ne: duk dandalin da ke tallata birki, sitiyari, taya da kayan ƙafar mota ya riƙe sunan mai talla da adireshinsa da lambar rajistarsa, ya miƙa su ga wanda ya zo da rahoton hatsari, in ya kasa ya ɗauki alhakin da kansa. Wannan ba zai kai ga cinikin WhatsApp ba. A can sai dai fadar Sarkin Hausawa da ƙungiyoyin direbobi da na makanikai su koma wa aikin mai gida ta sabuwar siga: su riƙe sunayen masu sayarwar da wani ya taɓa zuwa shagonsu da ƙafarsa, su ware akwati a gareji da za a riƙa ajiye karyayyen kaya da kwalinsa da lambar motar da ranar, su kuma tara ƙorafe-ƙorafe a kan mai sayarwa ɗaya su kai wa FCCPC ko LASCOPA a dunƙule. Dokar 2018 ta yarda ƙungiyoyin kare masu saye su tsaya a madadin mutane, kuma kuɗin gwajin ƙarfe da ya fi ƙarfin direba ɗaya bai fi ƙarfin tasha guda ba.